Zancen fili, gini da gyaran gida: jawabin kwamiti gaban taron ƙungiya

Tambayoyi sun yi yawa daga ɗiyanmu da ke bida a Kano, Abijan da Agadas: in mutum ya tara ɗan abin hannunsa, fili zai saya a Maraɗi, ko ɗakunan haya zai gina, ko kuwa gidan uba zai gyara? Ga abin da mu ƴan kwamiti muka gani.

Mun ce a fara da gidan da ake kwana ciki. Damanar 2024 ta nuna mana. Gidaje masu yawa sun zube a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi cikin watan Satumba. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ƙafa da ta kai. In ruwa ya kwanta gindin bango, tubali ya jiƙe, nauyin sama ya murƙushe shi. Saboda haka a tona gindin, a cika da dutse ko marmara, a karkata ƙasar tsakar gida ruwa ya bi ya fita. A sama kuma a duba azara ko gara ta ci, a sa indararo mai tsawo wanda zai zubar da ruwa nesa da bango, a yi yaɓe tun bazara. Kakanninmu da makuba suke yi, kuma har yau tana aiki.

Akwai abin da muke gani yana cin kuɗɗin mutane a banza, wato shafa siminti kai tsaye bisa bangon ƙasa. Da ido yana da kyau, amma ƙasa da siminti ba su kama juna. Ya tsage, ruwa ya shiga baya ya rasa mafita, bango ya ruɓe ciki ba wanda ya sani. Wanda ya samu buhu biyar na Malbaza, gara ya zuba su gindin bango da bakin indararo. Wanda kuma tsadar azara ta dame shi, akwai ginin da ba itace, mai rufin tubali a lanƙwashe, da aka fara koya wa magina a Cikal tun 1980. Ya fi rufin tol sanyi.

To, zancen fili. Kada kowa ya ba da ko dala sai ya ga takarda. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye, kuma na ƙauye mai gari ne shugabansa. Saye, kyauta, aro, jingina, duk ana iya rubuta su gaban shaidu. A birni kuwa a tafi meri da ƙafa, a tabbata lambar parsel tana cikin littafi da sunan mai sayarwa, don an sha sayar da fili guda ga mutum biyu. A je a ga wurin cikin Agusta. Filin da ke da araha kusa da gulbi ko tafki, ruwa ne ya karya masa kuɗɗi. Kuma kada a ɗora bulo bisa gadon da ba a raba ba, ko da ƴan uwa sun ce ba komi. Su sun yarda, ɗiyansu fa?

Sauran bashi. Mu yi lissafi tare. A ce ɗaki biyu sun ci miliyan biyu, kowane ana hayarsa jikka goma a wata. Shekara ta kawo jikka 240, ke nan sai an wuce shekara takwas kafin uwar kuɗɗi ta dawo, in ba watan da ɗaki ya kwana fanko, ba gyaran da ya taso. A 2014 an ƙayyade iyakar kuɗɗin ruwa a ƙasashen sefa na yamma: 15 cikin 100 ga banki, 24 ga ƙananan asusu. Ko a 12 aka ba ka miliyan biyun nan, ruwan shekarar farko kaɗai jikka 240 ne, hayar duka ta tafi. Ba mu ma taɓa abin da malamai suka faɗa kan riba ba. Mu dai adashi muka fi so: wanda ya kwashi nasa ya sayi bulo ya jera, baɗi ya yi rufi.

Masu aiko kuɗɗi daga nesa, ku riƙa biyan magini mataki mataki, bayan wani dattijo ya je ya ga aikin da idonsa. Kwamiti ya ɗauki nauyin wannan dubawa kyauta. Mai so ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.