Jawabi ga manoma a kan yanka fuloti a gonakin bakin gari

Jama'ar Dogo-Dogo,

Gari yana girma. Samari suna aure, kowa yana son gidan kansa. Saboda haka wata rana za a nemi yanka fuloti a gonakin bakin gari. Amma kafin a kafa turaku, sai hukuma ta duba tsarin, ta ji bakin mutane.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta yarda da gonar gado. Ita ce ta kawo kwamitin filaye da ake kira kofo. Akwai kofo ta ƙauye, akwai ta komin, akwai ta Dungas. Mai gona ya je wurin mai gari da shaidunsa, a yi masa takarda tun yanzu.

Dokar 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce in gwamnati za ta karɓi gona don amfanin jama'a, sai ta biya diyya tukuna.

Dokar kiwo ta 2010 ta hana kowa mallakar burtali. Ba a gina gida a kan hanyar dabbobi.

Ranar da aka kira taro, kowa ya zo: manomi, makiyayi, da mace mai gadon gona. Su tambayi inda za a bar filin rijiya, makaranta da hanyar ruwan sama. Kada kowa ya sayar wa dillali gonarsa a ɓoye. Kuɗi suna ƙarewa, ƴaƴa kuwa suna nan suna jiran hatsi.

Allah shi ba mu zaman lafiya.