Jawabin Kwamitin Gudanarwa a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara Goma: Takardar da Za Mu Kai wa Gwamnatin Jiha



Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, Hajiya uwar ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, da baƙinmu da suka taso daga ƙungiyoyin 'yan'uwa, barkanku da zuwa. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Shekara goma ke nan da muka fara da adashin mako-mako a tsakar gida, kuɗin ma a gwangwanin madara ake tara su. An ba da wannan tarihin ɗazu, ma'aji kuma ta karanta lissafi, ba sai mun maimaita ba. Magana ɗaya kwamiti ya ɗora mana: takardar da muke son kai wa gwamnatin jiha, da dalilin da ya sa muka ce jiha, ba mu ce Abuja ba.

Wasunku sun san abin da ya same mu bara. Mun rubuta kuka a kan rashin sabis na waya a unguwanninmu, muka ɗauka mu huɗu, muka yi ta hawa Adaidaita Sahu daga wannan ofis zuwa wancan har mako uku. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya ce mana, cikin mutunci kuwa, "Hajiya, wannan ba huruminmu ba ne." Mun ji haushi a ranar. Amma gaskiyarsa ce, mu ne ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Sai da 'yar ɗaya daga cikinmu, mai karatun lauya, ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla.

Ga yadda abin yake. Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba aiki. Akwai abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, akwai waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a ciki, abin da ya saura kuma na jiha ne. Rabon ma yana canjawa: a watan Maris na 2023 an ƙara wa jihohi iko a kan wutar lantarki, aka kuma ba su damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali.

To, bari mu fara da yawon buɗe ido, don nan ne abin ya fi yi mana ciwo.

A shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Legas. Ta ce rajistar otal-otal da gidajen abinci da kula da su aikin jiha ne, ikon tarayya ya tsaya ne a kan zirga-zirgar baƙi masu shigowa ƙasa. Ke nan idan ana maganar abin da baƙo zai gani a Kano, da inda zai kwana, da abin da zai saya ya tafi da shi gida, jiharmu ce ke riƙe da igiyar.

Kuma me baƙon yake zuwa gani? Zai hau Dala, zai shiga Gidan Makama, zai ratsa Kasuwar Kurmi, zai tsaya a marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Zai ɗauki hoton mai rini yana tsoma yadi a baba. Amma zanen nan da ke fitowa a jikin yadin, wa ya ƙulla shi? Mu ne, a ɗakunanmu, da zare da allura, wani har kwana biyar ana ƙulli kafin ya je marina. Hular da baƙon zai saya a Kurmi, ku tambayi masu ɗinkin hula a cikinmu mako nawa take ci, ku tambaye su nawa dillali yake ba su, sannan ku je ku ji nawa ake sayar da ita a rumfa. Ba muna zagin dillalai ba ne, da yawansu mazajenmu ne da ƙannenmu, kuma da babu su da kayanmu ba su fita daga soro ba. Sai dai a duk lissafin yawon buɗe ido ba a ƙirga mace mai ƙulli, don ba a ganin ta.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Mun yi murna, wallahi. Amma mu mun san abin da ake nufi da shekarar da ba a yi hawa ba, tun daga 2020 da cutar korona ta hana. Mai turaren wuta ta haɗa kaya ba masu saye, mai lalle ta zauna, mai dambun nama ta ci bashin da sai ƙungiya ta rufa mata asiri. Harkar da ta dogara ga 'yan kwanaki a shekara ba za ta riƙe gida ba. Shi ya sa roƙonmu na farko shi ne rumfa ta dindindin ga ƙungiyoyin mata masu rajista a wuraren tarihin da ke hannun jiha, inda za a sa kaya da sunan ƙungiya da farashi a jiki, ko ana hawa ko ba a yi.

Sai maganar waya. Nan ne muka yi kuskure bara. Lasisin kamfanonin sadarwa da farashin kira da data duk na tarayya ne, hukumar NCC ce ke kula da su. Ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanoni a watan Janairu na 2025, wanda duk muka ji a jikinmu, ba gwamna ne ya sa hannu ba. Amma akwai inda jiha take da ta cewa. Kamfani ba zai haƙa gefen titin jiha ya binne wayar intanet ba sai ya biya kuɗin izinin hanya. An daɗe da yin matsaya a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa cewa naira 145 za a riƙa karɓa a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, maƙwabciyarmu Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Ai lissafin a fili yake: inda haƙa ta yi tsada, kamfani zai tsaya a unguwannin masu kuɗi, ya bar lungunanmu da sabis ɗin da sai an hau bene.

Wata za ta ce me ya haɗa mai ƙuli-ƙuli da wayar da ake binnewa a ƙasa. To, ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mai saye na tsaye a ƙofar gida, ya tura kuɗi, alat bai shigo ba, ke ba ki ba da kaya ba, shi bai tafi ba. Ku tuna 'yan'uwanmu na Zamfara da aka rufe musu layukan waya a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Masu karɓar kayanmu a Gusau sai da muka yi makonni ba mu ji ɗuriyarsu ba. Yau rabin cinikin 'yan matanmu a WhatsApp suke yin sa. Matar da ba ta fita kasuwa, wayar nan ita ce rumfarta. Don haka roƙo na biyu: jiha ta sauƙaƙa wa kamfanoni izinin haƙa, amma da sharaɗin su shigo tsoffin unguwanni da garuruwan da ke wajen birni.

Na uku shi ne koyon sana'a a bakin aiki, kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya.

Akwai asusun horar da ma'aikata na tarayya, ITF, tun 1971, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu. Akwai kuma hukumar NBTE da ke Kaduna, mai tsarin da ake gwada mutum a kan abin da hannunsa ya iya a ba shi takardar shaida, ko da a gaban mai sana'a ya koya. Jiha ma tana da nata cibiyoyin koyon sana'a. Mun ga irin horon mako biyu da ake yi a raba keken ɗinki, kuma mun san inda kekunan da yawa suke ƙarewa. Ɗinkin hula ba ya shiga hannu a mako biyu. Abin da muke roƙo shi ne a ɗauki gidajen gwanayenmu a matsayin wuraren koyo, a ba yarinya ɗan kuɗin mota, a ba mai koyarwa kuɗin zare da yadin da za a ɓata, a ƙarshe a gwada yarinyar a ba ta takarda.

Amma iyayenmu, ku yi mana afuwa, ba za mu kai wannan roƙon ba alhali gidanmu bai gyaru ba. Akwai 'yan koyo a hannunmu da suka shekara uku, wankau da aike sun fi ɗinki yawa. Akwai waɗanda aka cire daga makaranta da sunan koyon sana'a. Babu rubutaccen lokacin farawa, babu ranar yaye. Idan jami'i ya ce mu nuna masa 'yan koyonmu nawa ne, me za mu buɗe masa? Kwamiti ya yanke cewa daga wannan wata duk mai 'yar koyo za ta rubuta sunanta a littafin ƙungiya, da ranar da ta fara, da sana'ar da take koyo, da amincewar iyayenta, kuma lokacin makaranta, boko da Islamiyya, ba a taɓa shi. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba. An yi muhawara mai zafi a kai a kwamiti, har sai da Hajiya uwar ƙungiya ta sa baki.

Takardar tana kan tebur a bakin ƙofa, sakatariya za ta karanta wa duk wadda take so kafin ta sa hannu ko ta dangwala. Za mu kai kwafi ga ma'aikatun jiha da abin ya shafa, da ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu, kafin a fara zaman kasafin kuɗin baɗi. Muna neman mata shida da za su yi rakiya, kuma a wannan karon ƙungiya ce za ta biya kuɗin mota. Masu 'yan koyo kuma a tsaya bayan addu'a, littafin yana hannun mataimakiyar sakatariya.