Kafin ka sayar da ƙaramin jirgi ka sayi babba: rubutaccen shirinmu na wannan makon

Ina gaida masu saurare na Faru da Maradun da Talata Mafara da Bakura, da 'yan'uwanmu da ke bin shirin daga Gusau da Sakkwato da sauran wurare. Ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar jirgin ruwa za mu yi. Na san wani zai ce, mu da muke fama da matsalar tsaro da tsadar taki, ina mu ina jirgi? To ka tambayi wanda gonarsa ke ƙetaren gulbi, ko matar da sai ta hau kwale-kwale kafin ta kai yaro asibiti a watan Agusta. A wurinsu jirgi shi ne mota, shi ne gada.

Abin da ya kawo maganar shi ne, tun bayan haɗarin Gummi na watan Satumbar 2024, inda jirgin da ya ɗauko manoma za su ƙetara gonakinsu ya kife, mutane da dama suka rasu, magana ɗaya ake ta maimaitawa a majalisa da Facebook: jiragen nan sun yi ƙanana, a sayi manya. Masu jirgi da kansu sun fara wannan lissafin. Wanda ke da kwale-kwalen da ake turawa da gora yana tunanin mai inji, mai ɗan ƙaramin inji yana hangen babban jirgi irin na Yawuri. Buri ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ni ra'ayina, girman jirgi shi kaɗai ba ya tsare rai, kuma idan aka saye shi ba da lissafi ba, shi ne ma zai tura mai shi ga yin lodin da ya fi na da muni.

Ku tuna abin da ya faru a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a watan Mayun 2021. Wannan ba ƙaramin kwale-kwale ba ne. Babban jirgin katako ne da ya taso daga ɓangaren jihar Neja, aka ruwaito mutum fiye da 150 ne a ciki, ga babura ga kaya. A tsakiyar kogin Neja ya tarwatse, kaɗan ne suka tsira. A watan Agustan 2025 kuma ga na Goronyo nan maƙwabtanmu, mutane za su cin kasuwa. Kun ga, idan ƙaramin jirgi ya kife gida uku ko huɗu ne ke zaman makoki. Idan babba ya kife, gari guda ne.

Bari in yi muku ɗan lissafin makaranta, kar ku gudu, ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jirgi yana yawo a saman ruwa ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Mu ɗauka misali jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 2. Da yake gaba da baya a tsuke suke, fuskar da ke zaune a ruwa ba za ta wuce kamar murabba'in mita 15 ba. Ma'ana duk kilo 150 da ka ƙara, jirgin zai ƙara nutsewa da santimita ɗaya. Mutum goma manya, ka ce kilo 600, santimita huɗu ke nan. Buhun masara goma masu kilo ɗari-ɗari, kusan santimita bakwai. A nan ne tarkon yake. Mai jirgi zai duba ya ga ai ɗan yatsa huɗu kawai ya sauka, sai ya ce a ƙaro. A ƙaramin kwale-kwale mutum biyu suka ƙaru kowa zai ji a jikinsa, har wata tsohuwa ta ce wallahi ita sai ta sauka. Babban jirgi ba ya yin wannan gargaɗin da wuri. Yana ta karɓa yana ta karɓa, har tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa ta koma tafin hannu ɗaya, sannan iska ta taso.

Kuma nauyi ba shi kaɗai ke kifar da jirgi ba, har da inda nauyin yake. Buhu a ƙasan jirgi yana ƙara masa zama. Mutane a zaune kan buhuna, babur a tsaye a sama, wasu samari a tsaitsaye a baki suna ɗaukar hoto, wannan yana ɗaga nauyin sama, jirgi ya zama kamar tulu a kan gammon da bai zauna ba. Sai ruwan da ke kwance a cikin jirgin, wanda ake raina wa. Idan jirgi ya ɗan karkata, ruwan nan gaba ɗaya zai gangara gefen da ya karkata, ya ƙara danna shi. Faɗin jirgi na ƙaruwa, wannan matsalar na ƙaruwa. Yaro ɗaya da ƙwarya yana iya kwashe ruwan kwale-kwale. Babban jirgin katako da ke yoyo, sai dai mutum biyu da bokiti, ko famfo.

To mu zo kan kuɗi, don a nan ne ainihin maganar take.

Baba mai jirgi, Allah ya ƙara girma, da ku nake. Kuɗin sayen jirgi shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Babban jirgi ba ya tafiya da gora ko filafili, sai inji, kuma ba ƙaramin inji ba. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, idan an buɗe masa wuta duka yana shan kamar lita 7 a awa. Mai ƙarfin doki 40 yana shan kusan lita 20. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000 a wurare da yawa, kuma kun san farashin 'yan bumburutu a ƙauye ya fi na gidan mai. Ku ninka da kanku. Kwale-kwalen gora idan ya ƙetara da mutum biyar, kuɗin mutum biyar ɗin na mai jirgi ne. Babban jirgi idan ya ƙetara da mutum biyar, asara ya yi.

Me zai biyo baya? Abu biyu, kuma duka mun san su. Na farko jira: ba za a tashi ba sai an cika, mutane su zauna a bakin ruwa tun la'asar har rana ta faɗi, a ƙarshe a yi tafiyar dare, wadda ita ce ba a ganin kututture ba a ganin hadari. Na biyu, ranar da aka samu mutane, kamar ranar kasuwar Talata Mafara ko ranar biki ko Mauludi, sai a ce yau za a fanshe asarar kwana shida. Mutumin da ya ci bashi ya sayi jirgi, mai bashi na jiran sa ƙarshen wata, yana da wuya ya kalli fasinja na arba'in da ɗaya ya ce masa koma. Ba mugunta ba ce, matsin bashi ne. Shi ya sa nake cewa lodin da ke kashe mutane tun ranar cinikin jirgin ake ƙulla shi.

Akwai kuma ruwan namu kansa. Mu ba a bakin kogin Neja muke ba, inda ruwa ke da zurfi shekara duka. Gulbin Sakkwato na damina ne: ya cika ya yi ƙarfi wata uku ko huɗu, da rani ya ja baya ya bar rairayi. Tafkin Bakolori, wanda aka gama gina madatsarsa a 1978, shi ma yana sauka da rani saboda ana sakin ruwa zuwa gonakin noman rani na Mafara da Bakura da Maradun. Kuma kar mu manta, ƙarƙashin tafkin nan gonaki ne da garuruwan mutane da itatuwansu, waɗanda aka tasa lokacin aikin, rikicin diyyar da ya kai ga kisan manoma a watan Afrilun 1980. Wannan tarihin shiri ne na daban, za mu zo kansa. Abin da ya shafe mu yau shi ne, jirgin da ke nutsewa sosai cikin ruwa da inji mai doguwar ƙafa, wata nawa zai yi aiki a shekara? Idan ruwa ya ja, a wace gaɓa zai tsaya? Idan farfela ta daki kututture ta karye, ina makanikin yake, ina kayan gyaran? Jirgin da zai yi wata biyar a kife a kan tudu rana na busar da katakonsa yana tsagewa, shi ma kuɗi yake ci.

Sai maganar fayiba. Ministan harkokin ruwa da tattalin arzikin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako su koma na fayiba da alminiyom. Akwai gaskiya a ciki: fayiba ba ya ruɓewa, ba ya yoyo ta haɗin katako, ba shi da nauyi. Amma masu saye su san abu biyu. Katako idan ruwa ya cika shi, sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa mutane su riƙe. Fayiba ya fi ruwa nauyi, idan ba a gina shi da soso ko rufaffun aljifan iska a ciki ba, ya cika da ruwa ƙasa zai yi. Don haka tambayar farko ga dillali ita ce, idan ya cika da ruwa zai tsaya? Na biyu, katako ya fashe kafintan gari zai ɗinke shi da ƙusa da kwano da kwalta kafin azahar. Fayiba ya tsage sai an nemo gam ɗinsa da wanda ya iya daga birni.

To ɗan'uwa kana cewa kar a sayi babba ke nan? A'a. Akwai wurin da ƙaramin kwale-kwale ya zama zalunci a ci gaba da dogaro da shi. Mun ga ranakun da mutane ke gudun 'yan bindiga su iso bakin ruwa, jirgi ɗaya ne tak, kowa ya afka. A ranar nan babu mai ƙirga kai, babu sarkin ruwan da zai iya hana uwa da goyo shiga. Amma ko a nan, ni na fi yarda da matsakaita biyu a kan ƙato ɗaya. Ɗaya ya lalace ɗaya na aiki. Ɗaya ya samu matsala a tsakiyar ruwa, ɗayan ne zai je ceto. Ranar da babu mutane a ɗaure ɗaya a sha rabin mai. Kuma idan aka yi rashin sa'a, ba duka gari ne a cikin cikinsa ba.

Wanda ya dage sai ya ƙara girma, ya hau tsani taki ɗaya. Mai ɗaukar goma ya nemi na ashirin, ya ga yadda shekara za ta kasance, damina da rani. Kafin ya biya ko sisi ya yi wata guda yana rubuta mutum nawa ke ƙetarawa kowace rana, har ranakun da ba kasuwa, don da kuɗin waɗannan ranakun ne zai biya bashi. A nan ne mu matasa masu ɗan karatu za mu yi amfani: littafi na naira ɗari biyu da biro, ka zauna da kawunka ku yi lissafin. Idan lissafin bai fita ba sai an cika jirgi maƙil, to bai fita ba. Idan kuma kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, mutum uku ko huɗu su haɗa jari su raba riba, ya fi a sayar da shanun noma ko a jinginar da gona.

Kuma a sa kuɗin rigunan kariya a cikin kuɗin jirgi tun farko, kujera ɗaya riga ɗaya, har da ƙanana na yara. Ku tuna Ɓagwai a jihar Kano, ƙarshen watan Nuwambar 2021, a tafkin Watari: mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne da za su taron Mauludi. Rigar babba ba ta riƙe yaro ɗan shekara takwas, ta kai take zarewa. Dokar sufurin ruwa ta 2023 da hukumar NIWA ke kula da ita ta wajabta sa rigar, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Sai dai hedikwatar NIWA tana Lokoja, babu jami'in da zai tsaya a kowane mashigi na Maradun ko Bakura. Wanda ke wurin kullum shi ne sarkin ruwa da mai unguwa da mu.

Ga abin da nake roƙon mu yi kafin ruwa ya cika bana, kuma ba ya buƙatar kwangila. A kowane mashigi, a zauna da sarkin ruwa da masu jirgi, a loda kowane jirgi da rana tsaka ruwa na kwance, a tsaya inda su da kansu suka yarda cewa ko iska ta taso akwai sauran tazara. A shafa jan fenti a jikin jirgin daidai wurin, a rubuta adadin mutane da manyan lambobi a gaba. Daga ranar nan gardama ta bar hannun mai jirgi: layi ya nutse, wani ya sauka, ko ɗan wane ne. Gwangwanin fenti ɗaya zai ishi jiragen mashigi guda.

Masu jirgi da ke saurare, musamman wanda ya riga ya sayi babba, ku turo mana saƙon murya: lita nawa kuke sha a rana, wata nawa kuke aiki a shekara, nawa kuke karɓa kan mutum da kan babur. Za mu saka su a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba.