Gyaran Ƙorama, Kifi da Lafiyar Gida

Yau zancenmu a kan ruwa ne, da kifin da ke cikinsa.

Gulbin Sakkwato ya bi ta Gusau, sa'an nan ya gangara Bunguɗu. Ruwan kwata na Tudun Wada da na ƙoramun gari, ƙarshensa can ne. Watau abin da uwargida ta zubar a kwata da damina, mutumin Bunguɗu ne zai tarar da shi a gulbi.

In leda da juji suka toshe ƙorama, ruwa ya tsaya ya yi wari, kifi ba ya zama a ciki. Ƙananan kifaye kuwa, irin 'ya'yan karfasa, suna cinye tsutsar sauro. In babu su, cikin kamar kwana 10 ƙwan sauro ya zama sauro, zazzaɓi ya shigo gida. Akwai kuma masu zuba Gamalin a ruwa don su kwashi kifi ba wahala. Wannan mugun abu ne, gama yakan kashe manya da ƙanana, mutane kuma su ci dafin. Tun 2009 ƙasashen duniya suka shirya a daina amfani da shi a gona, balle a ruwa.

To, maganin abin aikin gayya ne, kafin ruwan farko ya sauka. Mai unguwa ya sa rana, a nemi shawarar masunta. 'Yan kasuwa da masu kamfani su taimaka da tifa da shebur da takalman roba. A kwashe shara a kai ta nesa, kada a tara ta a gaɓa, ruwa ya komo da ita. Amma a bar duwatsu da itatuwan bakin ruwa, can kifi ke ɓuya, saiwoyi kuma su ke riƙe ƙasa.

Ku lura da wannan ƙwarai. Kada kowa ya shiga ruwan ƙafa ba takalmi, yara kuwa su tsaya a tudu. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen sukan ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, daga nan su fito su huda fatar wanda ya shiga. Waɗansu iyaye suna cewa jini a fitsarin yaro alamar girma ce. Ba haka ba ne, cuta ce, tana kuwa ɓata mafitsara. Wanda ya ga haka ga ɗansa, ya kawo shi ɗakin shan magani da safe, akwai ƙwayar da za a ba shi gwargwadon tsayinsa ko nauyinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.