Ganawar Neman Gurbin Karatun Likita ta Intanet

Tun da annobar korona ta hana tafiye-tafiye a 2020, makarantun koyon aikin likita a Amurka da Kanada da Birtaniya suka mayar da ganawar tantance ɗalibai kan intanet, kuma da yawansu ba su koma tsohon tsari ba. A ganina, abin da ya kamata mai neman gurbi ya fi ba lokaci shi ne sabawa da warware matsala da baki a gaban kyamara, domin haddar amsoshi ba za ta fisshe shi ba. Dubi tsarin MMI da Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000: ɗalibi na bi zango-zango, kowanne da mai tantancewa daban da kimanin minti takwas, a jefa masa lamari kamar na majinyacin da ya ƙi ƙarin jini saboda aƙidarsa. Makin yana ga yadda ya auna 'yancin majinyaci da nauyin ceton rai. Wanda ya manna takardar amsoshi a gefen allo kuwa, idonsa ne zai tona shi.

Wasu za su ce tsarin ganawa ta intanet ya fifita mai ɗaki shiru da intanet mai ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ya sauke wa marar hali kuɗin jirgi da otal, kuma yawancin matsalar na'ura ana maganinta kafin ranar: a gwada manhajar Zoom, a sa fitila gaban fuska, a ajiye lambar ofishin ɗaukar ɗalibai ko da layi zai yanke. Abin da ke cin makonni shi ne atisaye da abokin da zai riƙe agogo, yana jefo tambayoyin ba-zata, ana naɗar bidiyo don a duba daga baya.