Jawabi a Kan Ƙona Gawayi a Gida

Ku mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da duk wanda ɗan littafin nan ya shiga hannunsa, ina so in yi muku magana a kan wani abu baƙi wanda ba a ba shi girma, amma ba a rabuwa da shi, watau gawayi.

Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga masu tsire da masu balangu, kowa da tukubarsa, suna ciyad da fatake na Nijeriya da na Nijar. Maƙeri ba ya aiki sai da gawayi, haka mai guga. Ran Babbar Salla kuwa, gida gida ana nemansa don gashin nama. Kowa na saye, amma kaɗan ne ke tambaya daga wace bishiya ya fito.

Mene ne gawayi?

Gawayi icce ne wanda aka gasa da zafi, aka hana shi iska. In icce ya ci wuta a fili, iska na kaɗa shi, sai ya zama toka. In kuwa aka tauye masa iska, ruwan da ke cikinsa da mansa su ne za su fita cikin hayaƙi, a bar baƙin. Shi ya sa gawayi ba shi da nauyi, ba ya hayaƙi, ba ya kuma sa wa nama ƙauri.

Amma ku lura da hasarar da ke ciki. Kilo 100 na icce, in an ƙone shi a ramin gargajiya, abin da yakan bayar bai cika wuce kilo 10 zuwa 20 ba. Ashe buhu ɗaya da ka saya ya cinye icce ninkinsa biyar, ko ma goma. Wanda ya iya ƙuna yakan sami gawayi mai yawa daga icce kaɗan, wanda bai iya ba kuwa ya kashe bishiya ya kwashi toka.

Wane icce?

Tun kakanni maƙera sun san babu kamar kirya, gama gawayinta na da ƙarfi, yana daɗewa bai mutu ba. Marke da bagaruwa da aduwa su ma suna da kyau. Icce mai taushi irin na kuka ba shi da amfani a nan. Ga shawarata, ka bar kirya da marke su huta, don sun yi ƙaranci. Kai da kake son na gashi kawai, rassan darbejiyar ƙofar gidanka da ka sassabe, da busassun rassan gonarka, sun ishe ka. Ka yanka su guntu guntu, kaurinsu ya zo daidai, kamar kaurin damtse. Ka shanya su sai sun bushe sarai, gama ɗanyen icce ɓarnar wuta ne. Kada ka sa katako mai fenti ko wanda aka shafa wa magani, don gubarsa za ta koma cikin abincinka.

Yadda ake yi

Ka nemi duro na ƙarfe mai murfi, wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a cikinsa ba. Ka huda gindinsa wuri biyar ko shida. Ka kai shi fili, nesa da danga da rumbu da ɗakin ciyawa, ka ɗora shi bisa duwatsu uku kamar murhu, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ka ajiye ruwa da yashi kusa.

Sa'an nan ka hura wuta a cikinsa da kara da ƙirare. In ta kama, ka riƙa jera iccen a hankali har duron ya cika. Ka ɗora murfi, ka bar 'yar kafa don hayaƙi. Daga nan aikinka kallo ne, gama hayaƙin shi ne zai gaya maka abin da ke gudana a ciki. Da fari fari ne, mai kauri, watau ruwa ke fita. Can sai ya yi ɗorawa-ɗorawa, mai yaji a ido. In ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, to, gawayi ya nuna. Nan da nan ka zare duwatsun da sanda, duron ya zauna ƙasa, ka tara yashi kewaye da gindinsa, ka rufe murfin ka liƙe da laka. Kada ka bar ko kafar allura.

Sai ka bar shi ya kwana, ya huce sarai. A nan ne ni na yi kuskure ran da na fara. Ɗoki ya sa na buɗe da maraice, duron da sauran zafi. Iska na shiga, wuta ta farka, kafin in ɗebo yashi rabin aikina ya zama toka, yara na ta yi mini dariya. Tun daga ran nan na yarda sannu ba ta hana zuwa.

Gawayi mai kyau in ka karya shi za ka ga cikinsa baƙi ƙirin yana sheƙi, in ka buga biyu su yi ƙara kamar tangaran. Wanda cikinsa ya yi ja-ja bai nuna ba, ka ajiye shi don ƙuna ta gaba. In za ka yi gashi, ka kunna da kara, ban da kananzir ko leda. Ka jira sai farar toka ta rufe garwashin kāna ka ɗora nama. In ka gama, ka binne saura da yashi, gobe ya yi maka aiki.

Gargaɗi

Garwashin gawayi na fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Ta sha kashe mutane cikin barci lokacin hunturu. Kada ka shiga da kasko cikin ɗaki ka rufe ƙofa da taga, komai sanyi.

Abin da ya fi muhimmanci

Ƙasarmu bakin hamada take. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da dabbobi suka mutu, iska ta kwashe ƙasar gonaki. Bishiya ita ce ke tare iska, ta riƙe ƙasa. Saboda haka ne ƙasashen Afirka suka ƙulla shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Amma me dashen gwamnati zai amfana, in ana dasa ɗaya muna sare goma?

Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Bayan farin 1984, manoman ƙasar Maraɗi suka fara barin kututture ya tofo a gona. Sai su zaɓi tofo mai ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Dabarar ta yaɗu har Damagaram, wadda muke iyaka da ita ta Maigatari, gawo ya sake cika gonaki. Masu bincike sun kimanta ƙasar da ta farfaɗo ta haka da hekta miliyan 5. Ga icce na girki daga rassa, ga bishiya tsaye tana ba da inuwa da taki.

To, ya kai mai karatu, ga abin da nake roƙonka. In za ka yi gawayi, ka ɗebi reshe ka bar gindi. Kada ka shiga gandun daji sai da iznin malamin daji. Ka busar da iccenka, ka karanta hayaƙinka, ka yi haƙuri duronka ya huce. Bishiyar da ka rage wa reshe bana za ta ba ka wani baɗi, har jikanka ya gasa naman Sallarsa daga gare ta. In ka karanta, ka karanta wa wanda bai iya ba.