Kama da Wane Ba Ta Wane: Jawabi a Kan Efimofizim



 Yayin da aka nemi in zo in yi magana a kan lissafi, wani abokina ya ba ni shawara in zaɓi abin da ake gani da ido, kamar riba da faɗuwa, don kada jama'a su watse tun ban kai rabi ba. Ban bi shawararsa ba. Na zaɓi wata kalma da ɗaliban aljabara ke shakka, watau efimofizim, saboda dalilai biyu. Na farko, an daɗe ana faɗa mana cewa harshen Hausa ba zai iya ɗaukar ilmi mai zurfi irin wannan ba, ni kuwa ina so mu gwada yau mu gani. Na biyu, akwai wani kuskure da ɗalibai ke maimaitawa a kan wannan kalma kowace shekara, wanda ke jawo musu asarar maki, kuma tushensa gaggawar yanke hukunci ne.

Bari mu faro daga gida. Kowace tsohuwa a Ɗorayi ta san cewa jaririn da aka haifa ran Talata, ran Talata za a yi sunansa. In kuma ka ce mata yau Juma'a, wace rana ce bayan kwana 100, za ta zubar da bakwai-bakwai har sau 14, watau kwana 98, saura biyu, ta ce maka Lahadi. Haka nan wani maƙwabcina da ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar jima a Challawa. Aikinsu karɓa-karɓa ne, mako guda da safe, mako guda da rana, mako guda da dare, sannan a koma farko. In yana aikin safe a wannan mako, aka sa bikin ƙanwarsa nan da mako 40, ba ya neman kalanda. Sai ya zubar da uku-uku har 39, saura ɗaya, ya ce aikin rana zai faɗa masa.

Me waɗannan mutane biyu suka yi? Sun ɗauki lambobi, waɗanda ba su da iyaka, sun tura kowace ɗaya zuwa wani ƙaramin gida, gida mai ɗaki bakwai ko mai ɗaki uku. Irin wannan turawa ita za mu kira kibiya, domin tana da inda ta taso da inda ta sauka. Kibiyar nan tana da halaye biyu. Na ɗaya, tana riƙon amanar tarawa: ko ka tara kwanaki sannan ka zubar da bakwai-bakwai, ko ka zubar tukuna sannan ka tara ragowar, a rana ɗaya za ka sauka. Kibiya mai wannan hali ita masana ke kira homomofizim. Na biyu, ba ta barin ɗaki ko ɗaya babu baƙo, babu ranar da lissafin ba ya faɗawa a kanta. Wannan za mu ce mata kibiya gamammiya, don ta game ko'ina. A tsofaffin littattafan aljabara, kibiyar da ta haɗa halayen nan biyu ita ce efimofizim. Kalmar daga Girkanci take: "efi" na nufin a bisa, "mofe" kuwa siffa.

Wannan lissafi na ragowa Carl Friedrich Gauss ne ya tsara shi a littafinsa na shekarar 1801. Amma kada ku ɗauka baƙo ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A hanyarsa, in taku ya fita ta wani gefen hatimin, sai ya shigo ta ɗaya gefen, tamkar yadda mako ke ƙarewa ya sake farawa. Daga baya wata shahararriyar malama a Jami'ar Gottingen ta ƙasar Jamus, Emmy Noether, ta bayyana ƙa'idar gaba ɗaya a 1927. In ka san abubuwan da kibiya irin wannan ke mayarwa sifiri, kamar 7 da 14 da 21 a lissafin mako, to ka san siffar gidan da take sauka.

To, ga inda labari ya sauya. A shekarar 1945 wasu malamai biyu a Amurka, Samuel Eilenberg da Saunders Mac Lane, suka buga maƙalar da ta kafa fannin da ake kira nazarin katagori. Tunaninsu shi ne a daina leƙa cikin abu don a san shi, a dubi hulɗarsa da 'yan'uwansa. Mu ma haka muke yi in za a ba da aure, ba a tsaga ƙirjin yaro, sai a tambayi da wa yake tafiya. Katagori dai shi ne jinsin abubuwa tare da kibiyoyin da aka yarda da su a tsakaninsu, bisa sharaɗin cewa in kibiya ta tashi daga A zuwa B, wata kuma daga B zuwa C, ana iya ɗaura su su zama kibiya ɗaya daga A zuwa C. Tun da an hana mu leƙa cikin ɗakuna, yaya za mu ce kibiya ta game ko'ina?

Ga dabarar da aka samo. A ce hakimi ya aiki jakada ya zaga gidajen wani gari, sannan malaman haraji biyu, kowane da littafinsa, sun yanka wa kowane gida na garin abin da zai biya. Aka duba aka ga duk gidan da jakada ya shiga, littattafan biyu sun dace. In jakada ya shiga kowane gida, babu shakka littattafan nan ɗaya suke daga farko har ƙarshe. In kuwa ya tsallake gida ko da guda ne, malaman na iya saɓawa a kan wannan gida ba tare da an gane ba. Saboda haka aka ce: kibiya f daga A zuwa B efimofizim ce idan duk wasu kibiyoyi biyu, g da h, masu tashi daga B, da suka dace a kan abin da f ta kawo, tilas su zama ɗaya. Wannan ita ce ma'anar zamani. Ku lura, ba a ambaci ɗaki ko gida a cikinta ba, kibiyoyi kaɗai aka ambata.

A katagorin tarin abubuwa zalla, inda babu wata doka a kan kibiya, ma'anonin biyu ɗaya ne, kamar yadda misalin jakada ya nuna. Haka kuma a katagorin da masana ke kira ƙungiyoyi, inda ake haɗa abu biyu a sami na uku kuma kowane abu yana da mai warware shi, ko da yake hujjar a nan ta fi wuya, kuma daga aikin Otto Schreier na 1927 take fitowa. Daga nan ne ɗalibi ke ruɗuwa, ya rubuta cewa kowace efimofizim gamammiya ce. Kama da wane ba ta wane.

Mu ɗauki misali daga rabon gado. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kashi na littafin nan lissafin gado da wasiyya ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin fara'ili ya san rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi da sudusi. Yanzu ku dubi gidaje biyu. Na farko na cikakkun lambobi ne, 1, 2, 3, da sifiri, da na ƙasa da sifiri. Na biyu ya ƙunshi waɗannan duka har da gutsattsari irin su sumuni. A kowane gida ana tarawa, ana kuma ninkawa, irin wannan gida shi ake kira zobe. Kibiyar da aka yarda da ita tsakanin zobba dole ta riƙe amanar tarawa da ninkawa, ta kuma kai 1 ga 1. Mu ɗauki kibiya mafi sauƙi daga gida na farko zuwa na biyu, wadda ke kai kowace lamba ga kanta. A fili yake ba gamammiya ba ce, domin har abada ba za ta sauka a kan sumuni ba.

Amma duk da haka efimofizim ce, ga kuma hujja. A ce g da h sun dace a kan cikakkun lambobi. Sumuni sau 8 ɗaya ne. Tun da g na riƙon amanar ninkawa, abin da ta ba sumuni in an ninka shi da abin da ta ba 8 dole ya ba da 1. Haka ita ma h. Abin da suka ba 8 kuwa ɗaya ne, kuma a cikin zobe abu ba ya da masu warware shi guda biyu. Ashe ke nan abin da suka ba sumuni ɗaya ne. Haka za a bi sulusi da sudusi da kowane gutsure. Jakada bai shiga gidan sumuni ba, amma doka ta ɗaure hannun malaman haraji, ba su da ikon saɓawa a kansa.

Kada ku yi saurin tafi, akwai saura. Mu sassauta doka, mu ce tarawa kaɗai za a riƙe, ban da ninkawa. Sai g ta mai da kome sifiri. Ita kuwa h ta zubar da cikakkiyar lamba ta riƙe gutsuren da ya rage, biyu da rabi ya zama rabi, biyar ya zama sifiri, yadda tsohuwa ke zubar da bakwai-bakwai. Dukansu sun riƙe amanar tarawa, sun dace a kan kowace cikakkiyar lamba, amma sun saɓa a kan rabi. Gidajen ba su sauya ba, kibiyar ba ta sauya ba, amma yanzu ba efimofizim ba ce. Don haka in an tambaye ka ko kibiya kaza efimofizim ce, kafin ka amsa ka tambaya, a wane katagori? Zurfin wannan al'amari ya sa John Isbell ya keɓe masa maƙala a 1966, Mac Lane kuma ya kawo shi a littafinsa na 1971 wanda har yau ake karantawa.

Na san akwai mai cewa a ransa, Malam, wannan duk me zai saya mini a kasuwar Kurmi? Tambaya ce mai kyau, ba kuwa zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma duba lambar asusunka ta banki mai alƙaluma 10. Na ƙarshe daga cikinsu na tantancewa ne, ana samo shi ta hanyar zubar da goma-goma, don kwamfuta ta kama mafi yawan kuskuren rubutu kafin kuɗinka ya tafi wani wuri. Hanyar ɓoye saƙo da Rivest da Shamir da Adleman suka fito da ita a 1977, wadda ta daɗe tana tsaron ciniki a intanet, lissafin ragowa ce ita ma. Masu ƙera harsunan kwamfuta irin su Haskell kuwa daga nazarin katagori suka ɗebo wasu dabarunsu. Gauss bai san za a yi banki mai kwamfuta ba sa'ad da yake rubutu.

Masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda iyayenmu suka ci abinci a cikinsu, sun rufe ƙofa, wasu kuma suna ɗingishi. Injunan da ke cikinsu daga waje aka sayo su, ilmin da ya ƙera su kuma a can aka bar shi. In za a tashe su tashi mai ɗorewa, sai an sami 'ya'yan ƙasa masu haƙurin bin hujja daki-daki har ƙarshenta. Wannan jami'a tamu ta faro ne a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, don irin wannan aiki. Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978, malamin lissafi ne. Hanyar ba sabuwa ba ce gare mu.

Zan bar muku aikin gida. Ku ɗauki lambobin ƙirga dukiya, sifiri, 1, 2, 3 zuwa sama, ku tura su cikin gidan da ya haɗa har da bashi, watau lambobin ƙasa da sifiri. Dokar ita ce a riƙe amanar tarawa, a kuma kai sifiri ga sifiri. Kibiyar ba ta sauka a kan bashin naira biyar ba. Shin efimofizim ce? Ku tuna cewa naira biyar a hannu da bashin naira biyar in sun haɗu babu ke nan, sannan ku bi sawun hujjar sumuni. Wanda ya warware, ya rubuta da Hausa ya miƙa wa editan mujallarku, don na baya su samu.